Goggo Ba Ta Aron Benci

Ranar da aka kai Goggo makwancinta, tun kafin maza su dawo daga maƙabarta tsakar gidanmu ya cika da mata. Wasu sun zo da ƙullin gero, wasu da itace a ka, wasu hannu rabbana sai jajayen idanu. Kowacce ta durƙusa ta ce, "Ya muka ji da haƙuri?" mu ce da godiya, ta yi addu'a ta matsa ta ba wata wuri. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakin Goggo ina amsawa, sai wata mata ta matso kusa da ni. Tana cikin waɗanda suka baro ƙauyukansu na cikin daji saboda rashin kwanciyar hankali suka raɓu da mu. Ta yi gaisuwarta, sannan ta rage murya.

"Malama, to makarantar hwa? Za a buɗe, ko an tahi da ita ke nan?"

Wata tsohuwa da ke gefe ta harare ta. "Ke ba ki da ta ido? Ko ƙasar kabari ba ta bushe ba."

Ni ban ga laifinta ba. Da Goggo ce ta je gaisuwar wani mai makaranta, tambayar da za ta fara yi ke nan, kuma ba za ta rage murya ba.

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta yaye ni, ta riƙe ni har na samu takardar malanta, kuma a makarantarta nake koyarwa. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata", ko da faɗa za ta yi mini, kuma takan yi. Makarantar firamare ce mai zaman kanta a ƙauyenmu na ƙasar Kurfi, ba nisa da Rawayau. Shekara da shekaru tana neman lasisi ba ta samu ba. Kafin ta kwanta ciwo an ba mu dama ta ƙarshe: masu duba makarantu za su sake zuwa, in ba mu cika sharuɗɗa ba a rufe, rufewar da babu buɗewa. Firamaren gwamnati mafi kusa tana da nisa, kuma hanyar a yanzu ba wadda uba zai saki ƙaramin yaro a kanta ba ce. In an rufe tamu, yaran sun zauna a gida ke nan. Duk matan da ke tsakar gidan nan sun san haka.

Da la'asar sai ga motoci daga Dutsin-Ma. Masu makarantun kuɗi ne, sun sha shadda da turare, suka cika zaure. Ina ƙofar ciki ina miƙa ruwa, ina jin su. Wannan ya ce Hajiya mace ce mai gaskiya, wancan ya ce irinta sun ƙare, wani ya ce harkar ilimi ta yi rashin uwa. Wallahi sai da na ajiye tiren kofuna don kada hannuna ya yi abin da zan ji kunya. Su ne suka daina gayyatarta taronsu, su ne suke kiranta tsohuwa mai taurin kai, yau ga su suna rige-rigen yabonta don sun tabbata ba za ta tashi ta ba su amsa ba. Da za su tafi, babbansu, wani Alhaji mai makarantar bene, ya ja hannun Yaya, ɗan Goggo na fari, zuwa daidai inda nake tsaye.

"Ka kwantar da hankalinka," in ji shi. "Kaya suna nan. In ranar ta matso ka yi mani waya, mota za ta kawo. Ita ce tawa gudummawar ga marigayiya."

Yaya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya sunkuyar da kai ya ce an gode.

Wanda ba ya cikin harkarmu ba zai gane kayan da ake nufi ba. Bari in faɗa, tunda ba asiri ba ne, har waɗanda ake yi domin idonsu sun sani. Masu duba makarantu ba sa zuwa ba zato, kullum labari yana riga su isowa. Da an ji ranar, sai a-kori-kura ta kama hanya. A bayanta akwai bencina masu sabon fenti, da kabad cike da littattafan da ba a taɓa buɗewa ba, da jar tukunyar kashe gobara, da akwatin magani, da ƙwallon nan mai taswirar duniya. Har malamai ake arowa, masu takardar shaida, su tsaya gaban allo na yini guda da alli a hannu, ba su san sunan yaro ko ɗaya ba. Baƙi su zo su gani su yaba su tafi, kafin magariba an kwashe kaya an yi gaba da su wata makarantar. Goggo jere take kiran abin. Ta ce daidai yake da ɗakin amaryar da aka cika da kwanonin maƙwabta, 'yan ganin ɗaki su yi guɗa, bayan biki a bar yarinya da bango.

Ita ba ta taɓa yi ba, kuma abin da ya hana ta lasisi ke nan har ta koma ga Allah. Shi ya sa nake rubuta wannan. Ba na so nan gaba a ce ai wata tsohuwa ce da ta kasa cika ƙa'ida.

Malamar firamaren gwamnati ce har ta yi ritaya. Da mijinta ya rasu ya bar mata zauren da yake koyar da allo da wani fili a bayan gida, dangi suka ce ta huta ta riƙe carbi. Carbin ta riƙe, hutun ne ba ta yi ba. Ta fara da 'ya'yan maƙwabta a zaure, kafin a ankara zaure ya yi kaɗan. Kullum da safe tana bakin ƙofa kafin kowa, tana duba farce da bayan kunne, kuma ta san wanda ya karya da wanda ya fito da cikinsa haka nan, ban san yadda take ganewa ba. Ba ta duka. Ta ce ba tausayi ba ne, bakinta ne ya ishe ta, kuma gaskiyarta. Ta taɓa leƙa wani aji ta tarar malami yana gyangyaɗi, ta ce, "Malam, ga tabarma can inuwa. Amma ka bar masu allin, halan su koya wa kansu." Malamin bai sake zama a aji ba har ya bar mu.

Tana da son busasshen kifin dam ɗin Zobe. Duk wanda zai je wajen dam sai ta ba shi sautu, ta ƙulle shi a gefen mayafi tana yawo da shi aji aji. Yaron da ya karanta shafi guda bai yi tuntuɓe ba, ta kwance ta ɓantara masa. A ƙauyenmu in yaro ya dawo gida yana ƙarnin kifi, uwarsa ta san yau an yi abin kirki. Ni da na girma a ɗakinta sai da na karanta nawa shafin kamar kowa, babu sani babu sabo.

Kada wani ya ɗauka Goggo tana gaba da doka. Ita ce ma ta fi kowa son a sa ido. Wata rana mun je dubiya Dutsin-Ma, muka bi ta wani layi, sai ga shago an cusa yara a ciki, babu taga, hayaƙin janareton maƙwabci yana shiga ta ƙofa. A sama an rubuta wani dogon suna na Turanci, a bango ga lasisi cikin gilashi. Ta tsaya cak a tsakiyar hanya har mai babur ya yi mata tsawa.

"Uwata, waɗanga kaji ne ko ɗiyan mutane?"

Har muka hau mota tana faɗa. Ta ce dole gwamnati ta duba, domin abin da ba a dubawa lalacewa yake yi, kuma uban da bai yi boko ba ba shi da yadda zai gane ana cutar ɗansa. Rigimarta ɗaya ce: me ake dubawa.

Duk abin da suka ce ta yi wanda yake da amfani, ta yi shi, sai dai a hankali, yadda ƙarfin ƙauye ya kai. Da suka ce a raba banɗakin maza da na mata, ta ce sun yi gaskiya, har ta ji kunya da sai da aka faɗa mata. Bayan girbi iyaye maza suka buga tubali, mata suka ɗebo ruwa, aka gina. Wata shekarar aka zagaye katanga. Bencina kuwa wani kafinta a Kurfi yake yi mata, a ɗauro a bayan babur in an samu hali. Ta fara daga manyan aji tana gangarowa, ƙananan suna kan tabarma suna jiran layi ya zo kansu. Amma duk zuwan da za a yi, sai a ce saura. Saura ɗakin littattafai, saura kayan kimiyya, saura filin wasa mai faɗi kaza, saura malami mai takarda a kowane aji. Mudun da aka auna mai bene a tsakiyar gari, shi aka ɗauko aka auna tsohuwar da iyayen ɗalibanta suke taimaka mata da tubali. Abin haushin kuma, shi mai benen ma ba da hatsinsa ya cika mudun ba.

Na san haka domin ni kaina an zo aro na. Alhajin nan ne ya zo da kansa wata ranar Asabar, ya tarar da Goggo tana tsince wake a tsakar gida. Bayan doguwar gaisuwa ya ce za a zo duba makarantarsa, malamansa masu takarda ba su kai ba, yana so a ba shi ni na yini guda. In tamu ranar ta zo, shi kuma zai rama da bencina da kabad.

Goggo ba ta ɗago ba. "Alhaji, turmi nika ba da aro, da babbar tukunya, da tsani. Ɗiyata ba ta cikinsu."

"Hajiya, ai taimakon juna ne. Kowa haka yake yi."

"To ku taimaki juna. Ni yara suna kallona. In sun ga na yi ƙarya da benci ran Talata, mi zan ce masu ran Laraba in sun yi mani ƙarya da baki?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ai wannan ba ƙarya ba ce, dabara ce. Ta ce masa kayan aro ba ya rufe katara, ta kira ni in raka shi ƙofa. Kuma ba rowa ba ce. Bencinanta sun je ɗaurin aure, sun je suna, sun je zaman makoki a kusan kowane gida na ƙauyen nan, wasu sun dawo da ƙafa a karye ba ta ce komai ba. Da mutanen daji suka fara shigowa da yaransu, ba ta tambayi kowa komai ba, ta ce a ƙara shimfiɗa tabarma. Jeren ne kawai ba ta yi, ba ta kuma taya wani yi. Daga ranar aka daina aiko mata da goron taro.

Zuwan masu dubawa na bara shi ne ba zan manta ba. Babbansu wani dattijo ne mai furfura, mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ta. Suka zagaya, suka leƙa banɗaki, suka ga ƙananan yara a tabarma, suka tambayi ɗakin littattafai aka nuna musu akwatin ƙarfen da muke ajiye 'yan littattafanmu, waɗanda duk sun yi laushi don sun sha hannu. Da za su fita Goggo ta tare ƙofa.

"Ranka ya daɗe, kun duba bango, kun duba masai. Ku shiga kowane aji ku nuna yaron da kunka ga dama, ku ba shi littafi. In bai karanta ba, ni da hannuna zan sa kwaɗo."

Dattijon ya yi murmushi ya ce ya yarda za su karanta, amma ba abin da aka aiko su dubawa ke nan ba. Sannan ya bari abokan tafiyarsa suka yi gaba, ya dawo kusa da ita. Ina tsaye a bayanta, da kunnena na ji.

"Hajiya, don Allah ki yi kamar kowa, mu ma mu huta. Kina tsammani ban san ƙwallon taswirar nan ba? Akwai inda ya lotsa, tare muka tsufa da shi. Abin da idona ya gani ranar da na zo, shi zan kai. Ki sa in gani kawai."

Goggo ta dube shi. Ta ce, "Kai kana da ɗiya?" Ya ce yana da su, har da jikoki. Ta ce, "To Allah ya haɗa su da makarantar da kunka duba." Bai ce amin ba.

Har yau in na tuna maganar mutumin nan sai raina ya ɓaci, kuma ba shi kaɗai nake jin haushi ba, don shi ma a ganinsa alheri yake yi mata. Abin da ke ci mini rai shi ne a ce mai duba ya san jere, mai makaranta ya san mai duba ya sani, wanda ya aiko mai duba ma da wuya a ce bai sani ba, sannan duk cikinsu babu mai laifi sai wadda ta ƙi shiga wasan. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba a daɗe ba aka zo da jan fenti aka yi rubutu a katangar da iyaye suka gina da hannunsu, aka sa kwaɗo a ƙofa. A nan muka ga abin da rufewa take nufi. Manyan yara maza suka bi masu noman rani wajen Zobe suna tsinkar tumatir, mata suka ɗauki farantin talla, ƙananan suna yawo a lungu daga su sai ƙura. Ban taɓa ganin Goggo zaune ta rungume hannu ba sai a lokacin. Takan fito da safe kamar kullum, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya, ta juyo. Iyaye suka je wajen mai gari, mai gari ya yi ta sintiri, da ƙyar aka cire kwaɗon bisa sharaɗin zuwa ɗaya na ƙarshe. Da muka buɗe, ba duka suka dawo ba. Akwai wani yaro da Goggo take cewa likita ne in Allah ya yarda, har yanzu yana wajen dam yana ɗaukar kwando.

A kan wannan suka yi rigima da Yaya. Shi ɗan fari ne, saboda haka tun da ta haife shi ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in da mutum na uku. Ko faɗa za su yi sai an samu ɗan aike, kuma ni ce ɗan aiken. Ya zo daga Dutsin-Ma inda yake sana'arsa, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, ita tana kan gado, ni ina tsakiya.

"Inna, ki bari a kawo kayan nan sau ɗaya tak. In lasisi ya fito sai ki ci gaba da yin naki a hankali. Wa aka cuta?"

"Uwata, ce wa wancan ni ba amarya ba ce."

"Na ji, Inna. Amma kin ga yaran da suka watse. In aka sake rufewa fa?"

"Ce mishi wanda ya sa kwaɗo shi ya watsa su, ba ni ba."

"Gaskiyarki ce. Amma su yaran ba su san wannan ba, su dai sun san an rufe."

Ta juya fuska bango ta ce in ce masa ya tashi ya tafi kada yamma ta yi masa a hanya. Da ya fita ta ce mini, "Yaron ga shina da gaskiya tashi. Ni ma ina da tawa. Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya sa gaskiyarmu ba ta zama ɗaki ɗaya." Ban taɓa jin ta yi Allah ya isa ba sai ranar.

Daga nan ta shiga tsere da lokaci. Ta matsa wa kafinta, ta aika wa tsofaffin ɗalibanta su tattaro mata littattafai, ta sa aka share wani gefen fili aka kafa turakun ƙwallo. Tana cikin haka ciwo ya kayar da ita. Ko a kwance, in na shigo daga makaranta ba ta tambayar jikinta ko nawa, sai dai wane ne bai zo ba yau, kuma me ya hana shi. Ta cika da hantsi, lokacin ana jiyo muryar 'yan aji ɗaya ta bayan katanga suna bitar baƙaƙe.

Bayan addu'ar bakwai Yaya ya kira ni zaure. Na san abin da zai faɗa, na kuma zo da nawa a shirye. Na ce masa wannan cin amana ne, na ce mutanen da suka ware ta tana raye ba za su zo su yi mata jere tana kabari ba, na ce abubuwa da yawa da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta. Ya bar ni har na gaji.

"Kin gama? To ki ba ni amsar abu ɗaya. In sun zo sun rufe, ina yaran za su?"

Ya ce shi ba zai iya haɗa ido da matan nan ya ce musu an rufe don a kare sunan mamaciya ba, in da zunubi ya ɗauka a wuyansa. Ya ce ba ya neman in ɗauki ko ƙafar benci, in tsaya a ajina kawai. Har yau ban yarda ya yi daidai ba, kuma har yau ban samo amsar tambayarsa ba.

A-kori-kura ta iso ana gobe masu dubawa za su zo. Washegari ƙananan yaran suka shigo suka tarar da ajinsu cike da bencina masu sheƙi, ga kabad, ga ƙwallon taswira a kan tebur. Babu wanda ya yi musu bayani, don babu mai bakin yi. Suka tsaya a ƙofa suna kallo, sannan suka ruga kowa yana kama wuri. Ƙafafunsu ba sa kai ƙasa, suna ta lilo da su. Wata ta goge nata wurin da gefen hijabinta kafin ta zauna. Na ji suna raɗa wa juna cewa Goggo ce ta saya musu kafin ta rasu. A ajin da ke kusa da nawa wata baƙuwar malama tana tsaye da alli, tana tambayata a ɓoye aji nawa ne wannan.

Masu dubawa suka zo, dattijon nan yana gaba. Suka yi mana gaisuwa, suka zagaya, suka gani. Ya tsaya gaban ƙwallon, bai taɓa shi ba, bai kuma kalle ni ba. Ya ce wa Yaya, "Ma sha Allah. Ashe Hajiya ta yi ƙoƙari sosai kafin ta rasu." Ya ce mu sa rai da alheri. Ba a ce wa yaro ko ɗaya ya buɗe littafi ba. Kuma alherin ya zo, yanzu haka lasisin yana rataye a ofis cikin gilashi, da sunanta a jiki.

Ƙurar motarsu ba ta gama kwantawa ba direban a-kori-kura ya fara danna ham, wai ana jiransa a wata makaranta wajen Tamawa. Ba a ma bari an tashi yara ba. Aka ce su miƙe su koma jikin bango, aka shiga fitar da bencina ɗaya bayan ɗaya suna kallo. Babu wanda ya yi kuka. Da aka zo kan na ƙarshe, yarinyar nan da ta goge wurinta da hijabi ta zo ta kama gefen zanena. 'Yar matar nan ce ta cikin daji da ta tambaye ni zancen makaranta ranar gaisuwa.

"Malama, laifin mi munka yi?"

Na durƙusa na ce mata ba su yi laifin komai ba. Ta ce to don me aka ƙwace. Na ce su je bayan ƙofa su ɗauko tabarminsu, za mu ci gaba daga inda muka tsaya.

Allah ya jiƙanki Goggo, ya yalwata miki makwanci, ya sa yaran da kika koya wa karatu su zame miki haske. Makarantarki a buɗe take, yara suna zuwa. Sauran kuwa, gara da ba ki gani ba.